SUNAN BABA A FAGEN MAZA

 Na san wata tana buɗe wannan shafi ta ga an ambaci dambe da ƙwallo za ta taɓe baki ta ce ita ina ruwanta, wannan ai hirar majalisar maza ce. To ki dakata tukuna 'yar'uwa, kada ki yi saurin juya takarda, don maganar suna zan yi, suna kuwa babu wanda ya kai mu mata iya sarrafa shi. Gaskiya ne liman ke raɗa wa yaro suna ranar bakwai, amma sunan da zai bi shi har tsufa sau da yawa a ɗakin maijego ake ƙirƙiro shi, tsakanin kaka da gwaggo da ungozoma.

Idan aka mai da sunan mahaifin maigida, ke da kanki kin san bakinki ba zai iya furta shi ba. Sai ki ji an ce Baba, ko Abba, ko Uba, ko Babangida, in mace ce aka sa wa sunan uwar miji a ce Uwani ko Ummi ko Inna. Sai ga jariri ko wuyansa bai tsaya ba ana ce masa Baba. Na sha ganin mace ta ɗaga tsintsiya za ta make ɗanta don ya ɓarar da ƙullu, tsohuwa ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Kul! Mijin nawa za ki doka a gabana?" Dole ta sauke hannu tana ƙunƙuni. Wannan Baban na cikin gida gado ne, bai sha wahalar komai ba ya same shi yana cikin zanen goyo. Akwai kuma wani Baban da ba a yanka masa rago, abokan wasa da 'yan kallo ke liƙa wa mutum shi a fage, wani ya cancanta wani kuwa sai dai a yi shiru. Tarihin wannan nake so mu bi, saboda 'ya'yanmu da ƙannenmu su ne suke barin gida su bi irin waɗannan iyayen na fage.

Mu fara daga gida. A nan ƙasar Pauwa, wato Ƙanƙara, da kuma Faskari da Sabuwa, wasannin maza na asali su ne kokawa da dambe da farauta, ƙwallo baƙuwa ce ta zo daga baya ta hanyar makarantar boko. Af, kafin in manta, baƙo in ya ji an ce Sarkin Pauwa sai ya zaci sarkin mahauta ake nufi, don mu Katsinawa fawa pawa muke ce mata. A'a, Sarkin Pauwa sarautar hakimin Ƙanƙara ce, Sarkin Pawa kuwa kowace kasuwa da nata. Sai dai shi dambe da mahauta aka san shi tun asali, su rundawa, kafin ya zama na kowa da kowa. Lokacinsa kaka, idan an kawar da dawa da masara an kai auduga an sayar, aljihu ya yi nauyi, ana ta bukukuwan aure. Sai 'yan dambe su ɗauki makaɗansu na kalangu su bi gari gari. Hannu ɗaya ake naɗewa da tsumma da zare har ya yi tauri kamar dutse, shi ne mashi, ɗayan a bar shi a buɗe ana kare kai da shi, shi ne garkuwa. Turmi uku ake yi, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa sai a ce an kashe shi, ko da kuwa ya tashi yana kakkaɓe riga yana dariya.

Ko wadda ba ta taɓa leƙa fagen dambe ba ta san sunan Shago, mutumin ƙasar Zamfara, saboda waƙar da Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya yi masa, da labarin karonsa da Ɗandunawa wanda tsofaffi ba sa gajiya da maimaitawa. Shi Shago shi kaɗai yake tsaye da sunansa, ba a jingina shi da kowa. Amma ki saurari sunayen 'yan damben baya-bayan nan, irin waɗanda gidan rediyon BBC ya riƙa karanto sakamakon wasansu daga gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, za ki ji kusan kowa a jingine yake da wani. Shagon Ɗan Digiri, Garkuwan Cindo, Bahagon Sanin Kurna, Autan Sikido, Ali Ƙanin Bello. In an ce Shagon wane, yaronsa ne da ya horar. Bahagon wane, yaronsa mai naɗe hannun hagu. Autan wane, na ƙarshe cikin waɗanda ya yaye. Har ma akan sami suna mai hawa biyu, a ce Shagon Bahagon wane, kin ga ke nan a numfashi ɗaya an faɗi ɗa da uba da kaka, tamkar mai karanto salsalar gidan sarauta. Bayan wannan kuma kowa yana da babban gida da yake ciki, ko Kudu, ko Arewa da ake wa laƙabi da Jamus, ko Guramada.

Ni abin da ya ba ni sha'awa a nan shi ne, da wuya ki ji an kira wani ɗan dambe Baba kai tsaye. Ubancinsa ba a bakinsa yake ba, a jikin yaransa ake karanta shi. Mu a cikin gida da sunan ɗa muke ɓoye sunan uba, mu ce Baban Amina, Abban Sadiƙu, su kuwa a fage da sunan uba suke rufe sunan ɗa, har yaro ya yi suna a Kano da Kaduna da Ikko ba wanda ya san sunansa na yanka sai uwarsa. Kuma ba a banza ake ara wa yaro sunan ba. A al'ada ubangida ne ke koya masa naɗin hannu da tsayuwa, shi ne ci da shansa da makwancinsa in an je baƙon gari, shi ke duba wanda za a haɗa shi da shi ya ce a'a, wannan ya fi ƙarfin yarona tukuna. In an fasa masa baki shi zai nemo magani. In kuwa yaron ya faɗi, sunan wa maroƙi zai ambata? Kunyar ta ubangida ce, shi ya sa mai hankali ba ya ba da sunansa ga kowane ɗan tasha. Hausawa suka ce babba juji ne, to a fagen dambe jujin har da jini ake zuba masa.

Yanzu bari in ɗauke ki mu tsallaka teku, don a Amurka abin juye yake, can tsohon ake raɗa wa suna. Suna da wani wasa da suke ji da shi kamar ransu, sunansa besbol. Mutum tara-tara ake yi, ɗaya ya jefo wata 'yar ƙwallo mai tauri kamar girman lemo, ɗaya ya doke ta da kulki ya zura da gudu yana zagaya kusurwa huɗu kafin a tsinto ta. A 1869 aka sami ƙungiyar farko, a garin Cincinnati, wadda ta fito fili tana biyan dukan 'yan wasanta albashi, a 1871 kuma aka kafa gasar farko ta masu cin abinci da wasan. Ki tuna a lokacin nan Dallazawa ke sarautar Katsina, Turawa ba su iso mana ba sai 1903. Wasan na samari ne, ba wasu kayan kare jiki na kirki, yatsu su karye, ga yawan shaye-shaye da doguwar tafiya a jirgin ƙasa, saboda haka ba kowa ke daɗewa a cikinsa ba. Duk wanda ya ɗan kwana biyu, ko ya fi sauran nutsuwa, ko kansa ya fara sanƙo, sai yaran su fara ce masa Pop, wato Baba a bakinsu. An yi su Pop Snyder da Pop Smith da Pop Corkhill duk a wancan ƙarni. Har a ƙwallon zari-ruga irin tasu an yi wani Glenn Warner da ya shiga jami'ar Cornell a 1892 ya ɗan girmi abokan wasansa, suka sa masa Pop yana da shekara ashirin da 'yan kai, sunan ya bi shi har ya tsufa ya zama mashahurin mai horarwa. Kin ga wannan rabinsa girmamawa ne rabinsa tsiya, irin yadda 'yan mata ke ce wa wadda ta girme su a aji Iya.

Amma babban Baban zamanin shi ne Adrian Anson, kuma labarinsa ne ya sa na ɗauki biro. An haife shi a 1852 a wani gari Marshalltown cikin jihar Iowa, ya fara wasan kuɗi a 1871 yana da shekara 19. Abin dariya, sunan da aka fara sa masa Jariri ne, don ƙuruciya da yawan ƙorafi. A 1876 ya koma ƙungiyar birnin Shikago, a 1879 aka ba shi jagorancinta yana wasa yana horarwa, sai suna ya koma Kyaftin. Ƙato ne mai murya kamar aradu, ba ya ɗaukar wargi, yana sa wa 'yan wasa tara in sun sha giya ko sun yi dare a waje. Ya ci musu gasa sau biyar tsakanin 1880 da 1886. To a 1890 sai manyan 'yan wasa suka yi bore a kan albashi suka ɓalle suka kafa tasu gasar, yawancin gwanayensa suka tafi suka bar shi. Anson ya tsaya da masu ƙungiya, ya tattaro sababbin yara ya ci gaba, 'yan jarida suka riƙa ce wa ƙungiyar Duƙusai, wato 'yan dawakin da ba a fara hawa ba, shi kuma tsohon da ke tsakiyarsu ya zama Pop. Jaridu suka dame shi da cewa ya tsufa ya kamata ya huta, ran nan a 1891 sai ga shi ya shigo fili da farin gemun ƙarya ya yi wasan da shi har aka tashi. Mutumin akwai taurin kai.

Shekara 27 ya yi yana wasa. Bayan kakar 1897, yana da shekara 45, masu ƙungiya suka sallame shi. Kin san sunan da 'yan jarida suka koma kiran ƙungiyar? Marayu. Wai don Babansu ya tafi. Haka aka yi ta ce musu har wajen 1902, kafin sunan Cubs da ake kiransu da shi yanzu ya kama. Su abin raha ne a wurinsu. Ni kuwa da na karanta sai da gabana ya faɗi, don wannan kalma ta yi mana nauyi a ƙasar nan tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, aka bar gidaje da yawa ba uba, dandali ya mutu da dare a wurare da dama. Wadda ta ga iyaye tsaitsaye a ƙofar makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, lokacin da aka kwashe yara sama da 300, ba za ta iya wasa da kalmar uba ko maraya ba. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

To amma tambayar da ban ga 'yan jaridar wancan zamani sun damu da ita ba ita ce, shi wannan Baba, Baban su wa? A watan Agusta na 1883 ƙungiyarsa ta je garin Toledo wasan sada zumunci. Ƙungiyar garin tana da wani baƙar fata mai suna Moses Fleetwood Walker, ɗan boko ne har jami'a ya yi. Anson ya ce shi fa ba zai shiga fili da baƙin mutum ba. Mai horar da 'yan Toledo ya ce to shi ke nan, in ba ka yi wasa ba ka rasa kasonka na kuɗin ƙofa. Da Baba ya ji zancen kuɗi sai ya haɗiye fushinsa aka yi wasan. Bai daddara ba. A ranar 14 ga Yuli 1887 ƙungiyarsa ta je Newark, inda Walker yake a lokacin tare da wani gwanin jifa baƙar fata George Stovey, wannan karon kuwa babu ɗayansu da ya taka filin. A wannan rana ce kuma shugabannin gasar da Newark ke ciki suka zauna suka yanke cewa ba za a ƙara ɗaukar baƙar fata sabo ba. Ba Anson kaɗai ya gina wannan katanga ba, masu irin ra'ayinsa suna da yawa, amma shi ne mafi girman suna a wasan, in ya yi magana ana ji. Kafin ƙarnin ya ƙare an rufe ƙofa ruf, ba a sake buɗe ta ba sai 1947 da Jackie Robinson ya shiga. Wajen shekara sittin ke nan, yara nawa aka haifa da baiwa suka tsufa suka mutu a bayan katanga?

Mu mata mun san irin wannan uban. Shi ne wanda 'ya'yan ɗaki ɗaya ke cin nama, na ɗaya ɗakin suna leƙe ta labule, amma a waje ana ta yabonsa wai mai riƙon gida. Ƙarshensa dai bai yi daɗi ba, kasuwancin da ya shiga duk ya karye, har ya koma yawon wasan kwaikwayo a dandamali shi da 'ya'yansa mata don neman abin sawa a baka. Da ya mutu a 1922 hukumar gasar ce ta biya kuɗin binne shi.

A bayan waccan katanga baƙaƙen fata suka kafa nasu ƙungiyoyin, kuma a cikinsu aka yi wani Pop ɗin, John Henry Lloyd. An haife shi a jihar Florida a 1884, mahaifinsa ya rasu yana jariri, kakarsa ce ta rene shi. Kin ji fa, wanda bai san daɗin uba ba. Ya yi wasa daga 1906 har zuwa farkon shekarun 1930, kuma masana wasan da yawa suna sa shi cikin gwanayen da ba a taɓa yin kamarsu ba a gurbinsa, fari ko baƙi. A ƙasar Kuba, inda ba a hana baƙi wasa, har suna suka sa masa da yarensu mai ma'anar cokali ko shebur, saboda yadda yake kwaso ƙwallo daga ƙasa har da turɓaya. Amma manyan filayen ƙasarsa bai taka su a babbar gasa ba ko sau ɗaya. Da ya manyanta yana horar da ƙungiyoyi, samari suka riƙa ce masa Pop saboda haƙurinsa da su. An shaide shi da cewa ba ya shan giya, ba ya zagi, yaro in ya yi kuskure sai ya ja shi gefe ya nuna masa.

Da ya bar wasa ya zauna a garin Atlantic City, aikin da ya samu shi ne shara da gadin makaranta. Mutumin da ya cika filaye a Kuba, ga shi da tsintsiya da bokiti. Yaran makarantar ma Pop suke ce masa, in an tashi ya koya musu jifa da kamu. A 1949 garin ya sa wa wani filin wasa sunansa yana raye ya gani da idonsa. Zauren tunawa da gwanayen besbol kuwa, wanda aka sa Anson a ciki tun 1939, bai karɓi Lloyd ba sai 1977, bayan ya rasu da fiye da shekara goma. Yanzu allunansu suna rataye a gini ɗaya, kowanne an san shi da Pop. In da ni ce mai rabon sunan na san wanda zan karɓe wa, amma ba a tambaye ni ba.

Mu dawo nahiyarmu, mu zo kan ƙwallon ƙafa wadda ita ce ta tafi da hankalin yaranmu yanzu. Marigayi Stephen Keshi, wanda ya ɗaga wa Nijeriya kofin Afirka yana kyaftin a 1994, ya sake ciyo shi yana mai horarwa a 2013, ba a ce masa Baba ba, Big Boss ake ce masa, wato babban maigida. Amma ya yi wani abu da ya wuce laƙabi. Yana wasa a ƙungiyar Anderlecht ta ƙasar Beljiyam gidansa ya zama zangon 'yan wasan Afirka. A 1989 wani yaro ɗan Gana, Nii Lamptey, ya yi abin mamaki a gasar yara ta duniya da aka yi a Sikotilan yana da shekara 14. Hukumar ƙwallon ƙasarsu ta riƙe fasfonsa don kada ya fita. Sai aka sato hanya da shi a mota zuwa Nijeriya, aka yi masa fasfo a matsayin ɗan Keshi, da haka ya shiga Turai, Keshi ya sauke shi a gidansa. Ban ce fasfon ƙarya abin kirki ne ba, Allah Ya kiyaye, amma dai ga wanda ya ara wa yaro sunansa kamar yadda ubangidan dambe ke yi, ya kuma ɗauki nauyin da ke biye da sunan. A 1991 Lamptey ya ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 da Gana, aka zaɓe shi gwarzon gasar.

Sai dai yaron bai iya karatu da rubutu ba. Wani dillalin 'yan wasa ya kawo masa takarda ya sa hannu bai san abin da ke ciki ba, daga nan aka riƙa yawo da shi ƙasa ƙasa kamar hajar koli, Holan, Ingila, Italiya, Ajantina, Turkiyya, kuɗin da ya kamata su shigo aljihunsa suna bi ta wani wuri. Da ya koma gida, ya gina makaranta a Akra. Wannan labari ina so uwar da ɗanta ke kwana da ƙwallo a ƙarƙashin filo ta riƙe shi. Akwai wata maƙwabciyarmu da ta sayar da tumakinta biyu da keken ɗinki, saboda wani mutum mai babbar riga da yara ke ce wa Baba ya ce zai kai ɗanta gwaji ƙasar waje. Yaron ya yi wata huɗu a wani ɗaki a Ikko su goma sha, ya dawo da tsummokaransa a leda, Baba kuwa wayarsa a kashe har yau. Da ta tambayi yara nawa ya taɓa kaiwa, suna ina, wa ya san gidansa, wa ke amsa sunansa a gari, da watakila keken ɗinkin yana nan. Ko ɗan dambe da ake gani kamar ɗan tasha, kafin ya ce shi Shagon wane ne sai da kowa ya san wanen.

Shi Lamptey wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Kumasi ya yi shi, kuma a wannan gari ne aka yi mutumin da sunansa ya fi kowanne daɗi a kunnen Bahaushe. Kumasi dai kin san ta ko a bakin kakanni, can ne fatakenmu suka yi ta zuwa sarin goro, ta Gwanja da Salaga, har suka kafa zango, kuma har gobe Hausa ce harshen zangon. Idan maigidanki mai kallon ƙwallo ne, zai tuna ranar 25 ga Maris 2022 da Nijeriya ta je Gana neman gurbin kofin duniya aka tashi ba ci, aka dawo Abuja aka yi ɗaya da ɗaya, Gana ta wuce mu muka zauna a gida. Filin da aka yi wasan farko, mai cin mutum wajen 40,000, sunansa Baba Yara. Masu sharhi Turawa da Yarabawa da Asantawa suna ta maimaita sunan a talabijin, mu kuwa ba sai an fassara mana ba.

Sunansa na yanka Usman Seidu, an haife shi a Kumasi a 1936. Da sukuwar dawaki ya fara yana yaro a Akra, sai a 1955 ya shiga ƙungiyar Asante Kotoko yana buga gefen dama da lamba bakwai. Gudu gare shi da iya yanka, har aka yi masa sarautar baki, ana ce masa sarkin 'yan gefe na Afirka ta Yamma. Zamanin Kwame Nkrumah ne, ƙasa ta sami 'yanci a 1957 tana ji da kanta, shugaban kuma ya ɗauki ƙwallo abin nuna wa duniya cewa baƙar fata ma zai iya. A 1961 aka kafa wata ƙungiya ta gwamnati, Real Republikans, aka tsinto gwanaye daga kowace ƙungiya aka zuba, Baba Yara yana ciki. Saurayi ne ɗanye shar, ga shi duk ƙasa babba da yaro ana ce masa Baba.

A watan Maris na 1963 suna dawowa daga wasa a yankin Volta motarsu ta yi haɗari a wani gari Kpeve. Sauran suka ji raunuka suka warke, shi kuwa ƙashin bayansa ne ya taɓu. Aka ɗauke shi a jirgin sama zuwa asibitin Stoke Mandeville a Ingila, wanda ya shahara a kan ciwon laka, bayan 'yan watanni aka dawo da shi a keken guragu. Shekararsa 26. A watan Disamba na wannan shekarar Gana ta ci kofin Afirka karo na farko, a gida, ta doke Sudan uku da nema a Akra, ƙafar da aka fi sa wa rai ba ta cikin fili. An yi na asibiti an yi na gida, Allah bai nufa ya sake takawa ba. Nkrumah ma aka hamɓarar da shi a 1966, ƙungiyar tasa ta watse, masu tafi suka sami wasu sababbin gwanayen da za su yi wa. Ya yi shekara shida a zaune, ya rasu ranar 5 ga Mayu 1969 yana da shekara 32. Sai a 2004, shekara 35 bayan an binne shi, gwamnati ta sa wa babban filin Kumasi sunansa, kuma da aka tashi rubutawa ba a sa Usman Seidu ba, Baba Yara aka rubuta.